Albarushi Da Masu Kula Da Shi: Rabin Tarihin Bindiga Da Aka Manta A Birnin Kano

Idan ana ba da tarihin bindiga a birnin Kano, abin da aka saba ƙirgawa shi ne bindigogin kansu: wane sarki ya fara sayo su, guda nawa ya tara, a wane yaƙi aka harba su. Wannan lissafi yana da amfaninsa, amma ya bar rabin maganar a ƙasa. Bindiga ba ta tashi sai da albarushi, albarushi kuwa iri-iri ne, kowanne da ƙarfinsa, da irin dauɗar da yake bari a cikin ƙarfe, da awon da ya dace da shi. Wanda ya sauya albarushi bai sauya ma'auni ba, ko ya zuba sabo a kan ragowar tsoho, ko ya rataye bindiga bai wanke ta ba, makamin da ya tanada don abokin gaba shi zai fara ci. A ganina, ƙarfin bindiga a Kano bai taɓa wuce ƙarfin mutanen da ke kula da ita ba, wato 'yan bindigar fada da maƙeran birni. Duk lokacin da albarushi ya sauya, ko hanyar samunsa ta sauya, sai an sake koyon aikin tun daga tushe. Inda Kanawa suka iya wannan sauyi, bindiga ta zauna musu har ta zama gado. Inda sauyin ya fi ƙarfin abin da ke hannunsu, tarin makamai bai hana komai aukuwa ba.

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci ya buga a 1908, ya ambaci bindiga tun zamanin Sarki Dauda (1421–1438), inda ya ce wani basarake daga Barno mai suna Dagaci ya iso Kano da tambura da tutoci da bindigogi. Masana da yawa ba sa saurin karɓar wannan, domin a wancan ƙarni bindigar hannu ko a Turai ma ba ta gama tsayawa da ƙafarta ba. Labarin da ya fi ƙarfi shi ne na Barno a ƙarni na 16, inda Imam Ahmad Ibn Fartuwa ya rubuta cewa Mai Idris Alooma yana da 'yan bindiga Turkawa, da kuma bayin gida da aka koya wa harbi. A Kano kuwa, littafin ya ce a zamanin Kumbari (1731–1743) aka shigo da garkuwoyi da bindigogi daga Nufe, sannan ya ce Babba Zaki (1768–1776) shi ne sarkin da ya fara ajiye rundunar 'yan bindiga masu tsaronsa, al'adar da ta ɗore bayansa. Tazarar da ke tsakanin waɗannan sarakuna biyu ita ce abin lura. Sayen bindiga wuri kawai yake buƙata, kuma Kumbari, wanda ya matsa wa kasuwar Kurmi da haraji har fatake suka fara ƙaura zuwa Katsina, bai rasa wuri ba. Ajiye runduna kuwa yana nufin ciyar da mutanen da ba su da wani aiki sai bindiga, da gina ɗakin ajiya da ruwa ba ya shiga, da samun maƙeri a kusa, da tabbatar da cewa kafin wannan albarushi ya ƙare wani yana kan hanya. Shi ya sa abin da Babba Zaki ya kafa ya rayu bayansa.

Dalilin da ya sa sai an ware mutane don wannan aiki yana cikin halin baƙin albarushi kansa. Haɗin abu uku ne: gawayi, da farar wuta, da wani irin gishiri da ake tatsowa daga ƙasa. Idan ya kama wuta, fiye da rabinsa ba ya komawa iska. Wani ya fita a farin hayaki, wani ya manne a cikin bututu ya zama baƙar dauɗa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan dauɗa tana zuƙar laima, kuma da zarar ta jiƙe sai ta soma cin ƙarfe kafin a kwana biyu. Saboda haka aikin ɗan bindiga ba ya ƙarewa da harbi. Idan ya koma gida sai ya toshe 'yar kafar da wuta ke bi ta shiga, ya tsiyaya ruwan zafi a bututu, ya naɗa tsumma a kan sandar ɗuri ya yi ta zurawa yana jawowa. Ruwan farko yakan fito baƙi ƙirin kamar na karofin Ƙofar Mata, sai ya zubar ya sake, ya kuma sake, har ruwa ya fito garau. Daga nan ya busar da ciki sarai, domin ɗigo ɗaya da ya laɓe a gindin bututu ya isa ya kashe ɗurin gobe. Ya shafa mai kaɗan, ya goge abin da ya yi saura, don shi ma mai idan ya taru yana jiƙa albarushi. Ya tsokace kafar da siririn ƙarfe, ya duba ƙanƙarar da ke ƙyasta wuta, wadda bakinta ke dakushewa bayan 'yan gomiyoyin harbi. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, aikin ninkuwa yake yi. Manomin da ake kira yaƙi sau ɗaya a shekara ba shi da lokacin wannan hidima.

Ga wahalar tsafta, sai kuma wahalar bambancin albarushi, kuma a nan matsayin Kano na mahaɗar hanyoyi ya zama alheri da matsala a lokaci guda. Kaya suna shigowa ta arewa tare da ayarin Larabawan Tarabulus da Gadamas, ta Agadas da Damagaram, bayan watanni a bayan raƙumi. Suna shigowa ta kudu ta hannun Nufawa, daga abin da jiragen Turawa ke saukewa a bakin teku da kogin Kwara. Akwai kuma wanda ake dakawa a cikin ƙasashenmu. Waɗannan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Tun ƙarni na 15 Turawa suka koyi dunƙule albarushi ya zama tsaba-tsaba, manyan tsaba na igwa, matsakaita na bindiga, masu laushi na kama tartsatsi. Wanda aka bari a matsayin gari ya fi saurin shan laima, ba ya ci daidai, kuma idan ya sha girgiza a hanya kayan haɗinsa sukan rabu da juna. Albarushin da ake aikowa kasuwar Afirka sau da yawa mai rauni ne, har maharba a sassa da dama na Afirka ta Yamma suka saba cika ɗuri don cike giɓin. Haɗarin yana nan. Hannun da ya saba da awon albarushi mai rauni, ranar da aka kawo mai ƙarfi ya auna yadda ya saba, to ya ɗora wa bututu abin da ba zai iya ɗauka ba, ga shi kuwa bindigogin ciniki masu arha da ake ƙerawa a Birmingham da Liège don wannan kasuwa sun yi ƙaurin suna wajen fashewa. Duk rundunar da ta daɗe tana harbi ba ta ƙare da guntayen yatsu ba, dole ta riƙe ƙa'idoji uku: a zazzage ƙahon albarushi tas kafin a zuba wani, kada a haɗa iri biyu a mazubi ɗaya, kuma a gwada sabo da ƙaramin awo kafin a amince masa.

Ɓangare na biyu na wannan hidima yana hannun maƙera, kuma a nan Kano ta shigo zamanin bindiga da jari mai kauri. Binciken tono ya nuna ana narka tama a kewayen dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma tarihin baka ya danganta kafuwar garin da Abagayawa, maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama. Har yau akwai sarautar Sarkin Maƙera, akwai unguwa mai suna Lokon Maƙera, kuma Philip Jaggar ya yi wa maƙeran birnin littafi guda a 1994. Maƙerin baƙi da ya iya ƙera linzami da takobi da kwaɗon ƙofa ya riga ya san yadda ake yi wa ƙarfe ruwa ya yi tauri, ya san yadda ake sa shi ya lanƙwashe ya dawo. Abin da bindigar ƙanƙara ke nema daga gare shi bai wuce wannan da nisa ba: ya sake ƙera ɗan ƙarfen da ke tunkuɗa kunama idan ya karye, ya taurara fuskar da ƙanƙara ke duka idan ta daina ba da tartsatsi, ya buɗe kafar wuta idan ta toshe, ya narka darma ko ya sassara guntayen ƙarfe su zama harsashi. Shi ne kuma mai ƙwanƙwasa bututu da magagari ya saurari ƙararsa, ya ce wannan ya yi siranta, a daina ɗura shi. Bindigar ƙanƙara makami ne da ake iya raya shi shekaru da dama da zugazugi da masaba da awartaki. Wannan shi ne sirrin daɗewarta, kuma shi ne ma'aunin da za a auna abin da ya biyo bayanta.

Mai jayayya zai ce duk wannan ƙarin gishiri ne, domin bindiga ba ta taka wata rawar kirki ba a yaƙoƙin ƙasar Hausa kafin ƙarshen ƙarni na 19. Yana da hujja. A Tabkin Kwatto a 1804 'yan baka ne suka karya rundunar Gobir. Hugh Clapperton, wanda ya ga rundunar Sakkwato tana kewaye da garin Konya na Gobirawa a 1826, ya kimanta mayaƙa da dubun dubata, amma bindigogin da ya ƙirga ba su kai 50 ba. Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya kimanta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 a shekara, galibi daga Solingen ta Jamus, alhali bindigogin da ke shigowa kasuwa kaɗan ne. Sai dai a wuri guda Barth ya ƙara da cewa bindigogin da Amurkawa ke kawowa ta hanyar Nufe suna da matuƙar arha. To idan abu yana da arha, ga kuɗi a gari, ga yaƙi kowane rani, amma mutane ba su rungume shi ba, ashe ba farashi ne ya hana ba. Ɗan baka yana samun duk abin da yake buƙata ba tare da ya yi nisa da gida ba: kyauro daga fadama, kan kibiya daga maƙerin ƙauye, dafi daga kwankwani. Kibiya ba ta tsatsa daga ciki, ba ta ƙin tashi don an yi yayyafi, ba ta fashewa a hannun mai ita. Ɗan bindiga kuwa rayuwarsa tana rataye da ayarin da bai san ranar isowarsa ba. Ƙarancin bindiga a wancan lokaci shaida ce cewa abin da ke iyakance ta shi ne albarushi da kulawa.

A rabin ƙarshe na ƙarnin abubuwa suka sauya, kuma duk inda aka duba, wanda ya yi fice shi ne wanda ya mallaki tushen albarushi. Etsu Masaba na Bida (1859–1873) ya riƙe cinikin bindiga da albarushi na kogin Kwara, yana sakin abin da ya ga dama zuwa arewa. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, bai yarda ya dogara da ayari kaɗai ba: a Zinder ana zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi, abin da ya mayar da Damagaram maƙwabciyar da Kano ke kwana da shirinta. Rabe ya ci Barno a 1893 da runduna mai horo da bindigogi. A cikin gida kuwa, Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa ya ƙare da hawan Aliyu Babba, wanda laƙabinsa na Maisango ya samo asali daga mashin da ake harbawa da bindiga, kuma shi ya gwabza da Damagarawa a Gezawa da Tattarawa a ƙarshen shekarun 1890. Joseph Smaldone a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Usmaniyya, da Sean Stilwell a nasa na 2004 kan bayin sarki na Kano, duk sun nuna cewa bindigogin masarauta suna hannun bayin fada, rukunin da Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama ke kan gaba. Wasu sukan ce wannan siyasa ce zalla: sarki yana tsoron hakimai da 'yan uwansa, don haka ya ba waɗanda ba za su taɓa neman gadon sarauta ba. Gaskiya ne, amma siyasar ta yi aiki ne saboda yanayin makamin ya taimaka mata. Hakimi yana iya ɓoye bindiga goma a ƙauyensa. Abin da ba zai iya ba shi ne ya ci gaba da samun busasshen albarushi mai kyau da ƙanƙara da gwanin gyara ba tare da fada ta sani ba. Wanda ke riƙe da makullin ɗakin albarushi shi ke riƙe da kowace bindiga a ƙasar.

Daidai lokacin da Kano ta gama mallakar wannan fasaha, sai ƙasa ta motsa a ƙarƙashinta. Daga shekarun 1860 rundunonin Turai suka koma kan bindigar da ake ɗurawa ta baya da harsashi mai kwanson tagulla: Snider da Martini-Henry a Ingila, Gras a Faransa, Remington daga Amurka. Irin waɗannan, musamman tsofaffin da rundunoni suka yar, sun gangaro Afirka ta hannun 'yan kasuwa. Suna da sauri da nisa da saiti, amma kowace da girman harsashinta, kuma na wannan ba ya shiga waccan. Wanda ba shi da masana'anta, hanyarsa ɗaya ce: ya tsince kwanson da aka harba ya sake cika shi. Aikin yana da sharuɗɗa. Dole a wanke kwanso da wuri, don dauɗar baƙin albarushi tana cin tagulla. A duba bakinsa ko ya tsage. A mayar da shi girmansa idan ya kumbura. A zuba darma daidai faɗin bututun. A kuma sami ɗan murfin da ke gindi mai tayar da wuta, wanda sinadarinsa ya fi ƙarfin maƙera, sai dai a saya. Wannan ba abu ne da ya gagari 'yan Afirka ba. Maƙeran Samori Ture a ƙasar Mande sun gyara bindigogin Gras, sun kwaikwayi ƙirarsu, kuma mayaƙansa suna tattara kwanso bayan faɗa a mayar a sake cikawa. Gwamnatin Mahadi a Omdurman ita ma tana da ma'aikatar cika harsashin Remington. Amma duka biyun sun yi haka ne da tara gwanaye wuri guda, da ƙoƙarin taƙaita nau'in bindiga, domin kowane sabon nau'i yana nufin sabon mazubin darma da sabon awo.

Tsugunne ba ta ƙare ba, domin shi kansa albarushin ya sake sauyawa. A 1884 Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaki a Faransa, aka fara amfani da shi a bindigar Lebel ta 1886. A 1889 Frederick Abel da James Dewar suka fito da nasu a Ingila mai suna kodayit, kuma a farkon shekarun 1890 rundunar Ingila ta koma kansa. Wannan albarushi da sinadarai ake yinsa a masana'anta. Turmi da taɓarya ba su da ta cewa a ciki. Ɗan kaɗan daga gare shi yana ba da matsin da ya ninka na baƙin albarushi, ana auna shi da nauyi a kan sikeli mai tsananin daidaito, kuma kusan ba ya barin dauɗa, abin da ya ba bindiga mai sarrafa kanta irin Maxim damar yin ta harbi ba ta shaƙe ba, mai harbin kuma hayaki bai rufe masa ido ba. Duk ilimin awo da hannu da ido da aka gada tun zamanin Babba Zaki bai shafi wannan ba. Wanda ya gwada aiki da shi a kansa ma halaka zai yi. Sannan Turawa suka rufe ƙofa da doka. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar da bindigogin zamani da harsashinsu a faɗin yankin Afirka da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu, ta bar bindigar ƙanƙara da albarushin ciniki. A 1897 Kamfanin Neja na Ingila ya ci Bida, a 1899 Faransawa suka kama Zinder. Hanyar kudu da ta arewa duk sun faɗa hannun Turawa.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland na rundunar Ingila ya iso bakin ganuwa daga Zariya da sojoji baƙar fata fiye da 700, da igwa 4, da Maxim 4. Sarki Aliyu Babba ya tafi Sakkwato tun watan Janairu da manyan mayaƙansa don yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a. Igwa ta kasa fasa ganuwar kanta, sai da aka koma kan ƙyauren ƙofa a ɓangaren Kabuga. Masu tsaron birni sun yi ta harbi ta kafofin ganuwa, amma waɗanda suka jikkata a ɓangaren maharan ƙalilan ne. Abin da ya fi dacewa da maganarmu yana cikin rahoton da Gwamna Lugga ya rubuta bayan haka, inda ya ce a ɗakin makaman fada an tarar da albarushi mai yawan gaske da harsashi na kowane irin nau'i da mutum zai iya tunani, an kuma lalata harsashi wajen 20,000 da bindigogi 350. Ana iya karanta wannan a matsayin alamar arziki, kuma alamar ce. Amma ga wanda ya san aikin, harsashi iri-iri a ɗaki ɗaya alamar wahala ce. Yana nufin an tara su ne daga duk inda aka samu, daga Tarabulus, daga Kwara, daga ganimar yaƙi. Wasu sun tsufa, wasu ba su da bindigar da za su shiga. Babu yadda za a ware wani adadi a ce na koyon saiti ne, tun da wanda aka harba ba lalle a sami madadinsa ba. A ɗaya gefen kuwa kowane soja harsashinsa ɗaya da na maƙwabcinsa, daga akwati ɗaya, kuma ya harba ɗaruruwa a filin horo kafin ya ga Kano.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai cewa, ko da ɗakin makaman fada ya kasance cikin tsari na ƙarshe, birnin zai faɗi. Sarki ba ya nan, rabin runduna ba ta nan, a Kwatarkwashi a ƙarshen watan Fabrairu sojojin Ingila ƙasa da 50 suka tare mahayan Wazirin Kano Ahmadu har ya kwanta dama, kuma Samori da mutanen Omdurman, da duk ƙwarewarsu a cika harsashi, a 1898 aka gama da su. Ba na cewa tsumma da ruwan zafi za su kori Maxim. Abin da nake cewa shi ne, idan aka ce Turawa sun fi ƙarfin makami, a tambaya ina ƙarfin yake. Maxim ba tare da harsashi iri ɗaya mai tsafta daga masana'anta ba, gungumen ƙarfe ne da ke shaƙewa. Fifikon yana cikin albarushi da tsarin da ke kawo shi, wato daidai wurin da tarihin Kano ya nuna tun ƙarni na 18 cewa nan ne ƙarfin bindiga yake. Misalin Samori ma goyon baya yake bayarwa: mutumin da ya fi kowa saka jari a maƙera da cika kwanso shi ne ya yi shekaru fiye da 15 yana fafatawa da Faransa. Kula da kayan aiki bai ba shi nasara ba, amma ya ba shi shekaru.

Bayan 1903 bindigar da ta tsira ita ce wadda maƙeri ke iya riƙewa. Mulkin mallaka ya ƙwace na zamani ya bar wa maharba da fada mai ɗurin baki, har masu fasa ƙanƙara a garin Brandon na Ingila suka ci gaba da aiko da duwatsunsu Afirka ta Yamma zuwa tsakiyar ƙarni na 20. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sanya irin wannan bindiga a rukuni na daban mai buƙatar lasisi, ta kuma hana ƙera bindiga ko gyara ta ba da izini ba. A ƙarƙashin haka adaka da bindigar toka suka zauna a hannun mafarauta, 'yan bindigar Sarki kuma suka ci gaba da amsa amo a Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, bikin da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a Disamba 2024. Sai dai tsohon haɗarin yana nan, har ya fi na da muni, domin yanzu albarushi iri biyu suna yawo a gari ɗaya. Marar hayaki shi ma launinsa baƙi-baƙi ne, ido ba ya raba su, kuma zuba shi a bindigar da aka ƙera don baƙin albarushi fasa bututu yake yi a fuskar mai harbi da na kusa da shi. Ko a ƙasashen da doka ta yarda mutum ya cika harsashinsa a gida, ƙa'idar da masana'antun albarushi ke nanatawa ita ce: gwangwani ɗaya kaɗai a kan teburi, a zazzage mazubi a goge shi kafin a buɗe wani, abin da ya gauraya a zubar da shi ta hanyar da ta dace, kuma ma'aunin baƙin albarushi ya kasance na tagulla don gudun tartsatsi.

Tarihinmu ya adana sunayen sarakunan da suka sayi bindiga da jaruman da suka faɗi da ita, ya kuma yi shiru kan waɗanda suka hana ta tsatsa. Wannan shiru ana iya gyara shi tun da sauran dattawan da suka gaji aikin a fada da maƙera. Ya kamata Masarautar Kano da gidan tarihi na Gidan Makama da sashen tarihi na Jami'ar Bayero su zauna da su, a naɗi bayaninsu kan yadda ake gane albarushin da ya sha laima, da bututun da ya gaji, da sunayen kayan aikin da Hausar masu aikin. Ya kamata a ajiye ma'auni da ƙaho da sandar ɗuri kusa da kowace tsohuwar bindiga da ake nunawa, domin maziyarci ya ga makamin da cikar kayansa. Matasan da ke shiga sahun 'yan bindigar hawa kuma kada a miƙa musu bindiga sai sun koyi wanke ta da raba albarushi, a ƙarƙashin idon manya da izinin hukuma.